A Ɗauka Ƙasar a Bushe Take

A gaban idonsa Injiniya ake ce masa. In ya ba da baya kuma, Saura Kiris. Ya san da sunan, ba shi kuma da wanda zai kai ƙara, domin da bakinsa ya raɗa wa kansa. Duk lokacin da sakamakon jarrabawar lasisin injiniyoyi ya fito aka tambaye shi yaya aka ƙare, sai ya ɗaga yatsu biyu, ya kusa haɗe su, ya ce, "Saura kiris." Kiris ɗin nan tare suka yi furfura. Shi ya daina ƙirga sau nawa ya zauna jarrabawar. Matarsa ba ta daina ba, amma tana da kirki, ba ta faɗin adadin sai ranar da aka yi faɗa.

Ba wai bai iya aikin ba ne. Digirinsa na rataye a bangon falo har rana ta cinye jan tambarin. Ya tayar da benaye, ya zuba ƙananan gadoji a kan kwatoci, kuma har yau babu ko ɗaya da ya ba shi kunya. Yakan ɗebi kankare a tafin hannu ya murza ya ce wa mai kwaɓi ruwa ya yi yawa, a gwada a tarar haka ne. Sai dai doka ba ta san tafin hannu ba. Hatimi ta sani, hatimi kuwa sai wanda ya ci jarrabawar hukuma. Zanen da ba hatimi, ko wa ya zana shi, darajarsa ɗaya da takardar ƙunshe ƙusa.

Don haka duk zanen da ya gama sai ya naɗe shi, ya taka zuwa teburin da ke bakin taga, ya ajiye gaban wata mata da shi ya koya mata riƙe tef ɗin awo. Ta zo kamfanin tana sabuwar gama makaranta, takalminta na nutsewa a yashi. Zama ɗaya ta yi wa jarrabawar ta wuce. Yanzu leburori na ce mata Mai Hatimi, ita kuma tana ce masa Baba. Takan buɗe zanen, ta bi lissafin da bakin biro, ta buga hatimi, ta sa hannu. Shi ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe," ita ta ce, "Baba, ka bari mana." Haka suke yi kullum, kuma babu wanda wasan ke yi wa daɗi.

Wata safiya Oga, mai kamfanin, ya kira shi ofis ya sa aka kawo masa shayi. Tun da ya ga shayin ya san ba lafiya. Oga ba ya ba da shayi sai in zai karɓi abin da ya fi shayi.

"Injiniya, ka ga sabuwar dokar hukuma?"

"Na ji ƙishin-ƙishin."

"Ya wuce ƙishin-ƙishin. Daga sabuwar shekara, wanda ba shi da lasisi ba zai shugabanci wurin gini ba. In suka zo suka tarar da kai, ni za su rufe wa aiki." Ya ɗan juya cokali a kofinsa. "Zama ɗaya ya rage kafin lokacin. In ka ci, kujerarka tana nan. In kuma..."

"In kuma saura kiris."

Oga bai yi dariya ba. "Ba zan kore ka ba, ka san ni. Sito na buƙatar mutum mai amana."

Sito. Ƙirga buhunan siminti, rubuta wanda ya ɗauki shebur da wanda bai dawo da shi ba. Ya hango kansa zaune a bakin ƙofa da tarin makullai a ƙugu, waɗanda ya koya wa aiki na wucewa suna ce masa sannu da hutawa. Ya shanye shayin tas, tunda dai an riga an caje shi.

Labari ba ya daɗewa a ɓoye a kamfanin. Da rana, lokacin da ma'aikata suka watse cin abinci, Mai Hatimi ta same shi a kwantenar da suke ofis da ita a wurin gini. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce mata bismilla ba.

"Baba, ni fa ban gane ba. Rabin abin da na sani a wurinka na koya. Me kake yi in ka shiga ɗakin jarrabawar nan?"

"Zama nake yi, 'yar nan. Na ƙware a zama."

"Da gaske nake."

"To, da gaske: babu adalci a jarrabawar nan. An tsara ta ne don masu sabon kai, waɗanda littafi bai huce a ƙwaƙwalwarsu ba. Tambayoyi rututu, kowace a ba ka lokacin da bai isa ka shanye kofin ruwa ba. Wane gini aka taɓa yi ana tsaye a kanka da agogo? In na ce zan lissafa miki ginshiƙi kafin ki ɗaura takalmi, za ki shiga gidan?"

"Tambaya ɗaya ake yi wa kowa, Baba. Ba ta san tsoho ba, ba ta san yaro ba, ba ta san ɗan wane ba."

"To ai rashin adalcin ke nan. Ba ta san kowa ba."

Ba ta yi masa musu ba. Ta buɗe jakarta ta zaro tsoffin tambayoyi, ta zaɓi ɗaya ta tura masa, ta ajiye wayarta a tsakaninsu agogo na tafiya. Tambayar katanga ce, irin wadda ake ginawa a gangare don ta tare ƙasa. An ba da tsayinta, an ba da nauyin ƙasar, ana son kaurin gindinta. Amsoshi huɗu a jere, a zaɓi ɗaya. A ƙarƙashin hoton kuma layi ɗaya da ƙananan haruffa: *A ɗauka ƙasar da ke bayan katangar a bushe take.*

Ya ɗauki fensir. Ya daɗe yana kallon layin nan. Sannan ya fara zane. Da wayar ta yi ƙara bai taɓa kalkuleta ba.

Ta jawo takardar. Ya sake zana katangar da kyau, ya huhhuda ta da ƙofofin fitar ruwa, ya jera tsakuwa a bayanta, ya bi gindinta da bututu. A gefen takardar ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa duka amsoshin huɗu za su faɗi a daminar farko. A gaban katangar kuma, can ƙasa, ya zana wani ɗan akwati.

"Wannan fa?"

"Shago."

"Babu shago a tambayar, Baba."

"Kullum akwai shago."

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Haka kake rubutu a gefen takarda a can ma?"

"In abin ya yi muni."

"Ka san inji ne ke makin? Ɗigo kawai yake gani, wanda ka baƙanta da fensir. Duk shekarun nan inji kake yi wa nasiha."

Ya sani, mana. Ya daɗe da sani. Amma da aka faɗa a fili sai ya ji abin ya yi kama da tarihin rayuwarsa, har ya yi 'yar dariya. Wataƙila dariyar ce ta kwance masa baki, domin a ranar ya gaya mata abin da matarsa kaɗai ta sani.

Shekaru da dama baya, kafin ta zo kamfanin, wata katanga irin wannan ta kwanta a wata unguwa mai gangare. Wurin ajiye motoci ne a samanta. Ba kamfaninsu ya gina ba, ba kuma sakarai ya zana ba. Mai lasisi ne, da hatiminsa, lissafinsa daidai har ɗigon ƙarshe. An kwana biyu ana ruwa, ƙasar bayan ta sha ta ƙoshi, da hantsi katangar ta gaji. Wani tela ya jingina shagonsa na kwano da ita, don hakan ya rage masa sayen bango ɗaya. Yana ciki.

Kamfaninsu aka ɗauka ya auna ya rubuta rahoto, kamfani kuma ya tura shi. Da ya isa an riga an ɗauke mutumin. Bai ga fuskarsa ba. An gaya masa sunansa, sunan ya ɓace masa, wannan ma yana cikin abin da ke damunsa. Keken ɗinkin kawai ya gani. Kan ya lotse, amma ƙafafun na tsaye, akwai ƙafar wando a ƙarƙashin allura da layin alli da ba a kai ƙarshensa ba. Wani lebura da ke kwashe buraguzai ya taka fedar bisa kuskure, wilin ya juya, keken ya yi kat-kat-kat-kat ya tsaya. Kowa a wurin ya daskare. Leburan ya ajiye shebur ya tafi, ko kuɗin yininsa bai dawo karɓa ba.

Da ya buɗe lissafin mai katangar, layin nan ne a shafin farko. Rahoto ya ce ruwan da aka yi ya wuce na al'ada, haka ne kuma. Ba a kama kowa ba, shi ma bai ga wanda za a kama ba.

Tun daga ranar, duk inda ya ci karo da "a ɗauka" ko "a yi watsi da", sai keken ya tashi. Ba da ƙarfi ba. Kamar a ɗaki na gaba, kamar maƙwabci na aiki ƙofa a rufe. Shi mutumin ilimi ne, bai yarda da fatalwa ba, don haka ya je wurin likitan kunne. Likita ya wanke masa kunnuwa fes, daga nan ya riƙa jin keken da kyau fiye da da.

A wurin aiki abin bai cuce shi ba. In keken ya tashi sai ya ajiye zane, ya sa takalmi, ya zagaya bayan ginin ya ga abin da ke can. Sau da yawa ba komai. Wani lokaci kwata ce da ba ta cikin taswira, ko famfon maƙwabta da ke yoyo tun bara. Da ya gani ya gyara, sai keken ya yi shiru. A ɗakin jarrabawa kuwa babu bayan da za ka zagaya. Kowace tambaya da "a ɗauka" take farawa. A ɗauka babu iska, a ɗauka ƙarfen ba shi da tsatsa, a ɗauka birkila ya yi abin da aka ce masa. Yakan zauna cikin ƙarar, yana gina kowace tambaya a kansa tun daga tushe, yana zuba mutane a ƙarƙashi, har a ce a ajiye fensir yana rabin takarda.

Mai Hatimi ta mayar da takardar gabansa. Daga waje ana jin ma'aikata sun fara dawowa, wani na zagin wani a kan bokiti.

"Baba," ta ce, "babu wanda zai zauna a ƙarƙashin tambaya. Takarda ce. Kada ka gina ta, lissafa ta kawai."

"Ki gaya wa telan."

"Kai zan gaya wa. Shi ba shi za a mayar sito ba."

Daga ranar ta ɗauke shi ɗalibi, kuma ta rama duk tsawar da ya taɓa yi mata. Kowace rana, lokacin abinci, a kwantenar nan da ke zafi kamar tanda. Dokokinta kaɗan ne. Ya rufe hoton da tafin hannu. Ya fara karatu daga ƙarshe, inda aka faɗi abin da ake so. Ya zagaye lambobi, ya ƙyale labarin. In fensirinsa ya nufi gefen takarda sai ta buga teburin da rula.

"Wa ke zaune a gidan nan?" yakan tambaya.

"Ba kowa."

"Bene hawa uku ba kowa?"

"Duk sun yi tafiya. Lissafa."

Da fari kamar ya ci abinci da hannun hagu. Keken na tashi, shi yana danna kalkuleta, zufa na ɗiga a takarda. Sannu a hankali ya gano ana iya aiki cikin ƙarar, kamar yadda mai gida a bakin titi ke iya barci. Ba daina ji ya yi ba. Daina amsawa ya yi. Sai dai ya lura, bai kuma gaya mata ba, cewa duk ranar da ya ƙi amsawa, keken na ƙara matsowa. Ya bar ɗaki na gaba. Ya dawo bakin ƙofa.

Wata safiyar hutu yana teburin falo da tambayoyinsa, matarsa na guga a gefe. Ta ga ya tsaya, kansa a karkace.

"Baban yara, telan naka ne ya zo?"

"Ya zo."

"Ka ce masa in ba shi da aikin yi, labulen ɗakin yara ya yage."

"Ba a wasa da irin wannan."

"Wa ya ce wasa nake?" Ta jingine dutsen gugar a tsaye. "Shekara da shekaru muna zaune da mutumin nan a gidan nan, ban taɓa cewa uffan ba. Allah Ya ji ƙansa, ba kai ka kashe shi ba. Amma shi ya gama nasa. Kai ne za ka dawo mini da makullan sito a ƙugu kana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa, kuma na san ka, wata uku ba za ka yi ba za ka kwanta ciwo. Ka ba shi haƙuri na yini ɗaya. Yini ɗaya tak. In ka fito ku ci gaba da zumuncinku."

Ya ce zai gwada. Ta ce gwaji ya ishe ta, ta faɗi adadin, ko da yake ba faɗa suke ba.

A babban ɗakin taro na wata makaranta ake jarrabawar, da tebura ƙanana da gwiwar babba ba ta shiga ƙarƙashinsu. A bakin ƙofa wasu samari suka ɗauka shi ne mai sa ido, suka gaishe shi da ladabi, ɗaya ya tambaye shi ina banɗaki. Ya nuna masa, har ya gaya masa wanne famfo ke aiki. Ya fi masu sa idon sanin ginin. Can gefe ya hango tsoffin abokan zama biyu ko uku, masu furfura irinsa. Ba su taɓa tambayar juna suna ba. Suka gyaɗa wa juna kai kamar mutanen da suka haɗu a asibiti.

Aka raba takardu, aka ce a fara.

Keken ya tashi tun shafin farko. Ya rufe hoto, ya karanta daga ƙarshe, ya zagaye lambobi, ya baƙanta ɗigo. Ya wuce. Bim mai ɗaukar rufi, ginshiƙi, bututu, wata gada da ba ta ƙetare komai ba. Duk sun yi tafiya, yana gaya wa kansa. Hannunsa na aiki kamar na wani. Sau biyu fensirin ya zame zuwa gefen takarda, ya ji bugun rula a ransa, ya dawo da shi.

Kusa da ƙarshe ya juya shafi, ga tambayar katangar. Tsayin ya bambanta da na wadda aka ba shi a kwantena, nauyin ƙasar ma haka, amma ita ce. Ga layin a ƙarƙashi da ƙananan haruffansa.

Ƙarar ta cika ɗakin. Ya duba hagu da dama, kowa kansa a sunkuye, mai sa ido na duba wayarsa a ɓoye. Teburinsa ya ɗauki rawa, ƙanƙanuwa, irin ta teburin da ake taka feda a ƙarƙashinsa. Ya ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da warin man keke. Ya kuma ji, ba da kunne ba, da fatar wuyansa, cewa akwai mutum a tsaye a bayansa, dab da kafaɗa, tsayuwar wanda ke jira ka ɗaga hannu ya auna ka. Ba fushi a tsayuwar. Da akwai fushi da ya fi sauƙi. Jira kawai yake, kamar yadda ya saba, a tashi a zagaya baya.

Bai waiwaya ba. Ya ɗora tafin hannu a kan hoton. Takardar ta yi masa sanyi kamar bango da damina.

Yini ɗaya, ya ce a ransa. Ka yi haƙuri, malam. Ina da iyali.

Lissafin ba wuya. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan daga baya: layi huɗu ne, yaro ma zai yi. Amsa ta uku. Ya dubi lambar, ya san katanga mai wannan kaurin za ta tsaya ƙyam har ranar da ƙasar bayanta ta sha ruwa. Ya sa bakin fensir a ɗigo na uku ya baƙanta shi, a hankali, har ya cika.

Keken ya tsaya. Ba a hankali ba, kamar yadda yake yi in an zagaya an gyara. Tsak, a tsakiyar ɗinki, kamar an ɗage ƙafa.

Ya ji fanka. Ya ji wani na jan majina a layin baya, wani na goge amsa. Bayansa iska ce kawai. Sauran tambayoyin suka zo masa kamar ruwa a gangare, ya gama, har ya sake bi. Karon farko a rayuwarsa ya zauna hannu a naɗe yana jiran a ce a ajiye fensir, yana kallon wani tsohon abokin zama a layin gaba da ke rubutu da sauri a gefen takardarsa.

Ya ci. Ba da kiris ba ma, da rata mai kyau. Oga ya rungume shi a gaban kowa ya ce shi dama bai taɓa shakka ba. Matarsa ta yi kuka, sannan ta ce saura ya gyara famfon kicin tunda yanzu hukuma ta yarda da shi. Leburori suka shiga damuwa, don suna da suna a hannu ba su da wanda za su kira da shi. Shi kuwa yana barci har a tashe shi, ya ƙara ƙiba, wandunansa suka fara matse shi. Kowa ya ce lasisi ya karɓe shi.

Hatimin ya iso a wani ɗan akwati. Ya fi yadda ya zata ƙanƙanta, da lambarsa a zagaye. Ranar da zai fara amfani da shi Oga ya sa aka tara masa zanuka a tebur, don aiki ya yi wa Mai Hatimi yawa, yanzu kuma an samu hannu na biyu. Ita tana teburinta a bakin taga, tana yi masa murmushin malama.

Na farko rufin gareji ne. Ya bi lissafin, daidai, ya buga. Tambarin ya fito fes. Na biyu matakala. Na uku tankin ruwa a kan ƙafafu. Yana sauri, bai san yana sauri ba. Idonsa na zuwa ƙarshe da kansa, yana zagaye lambobi, yana ƙyale labarin.

Na huɗu katanga ce ta tare ƙasa, a gangaren bayan wani sabon gidan mai. Wani sabon ma'aikaci ya zana, aiki mai tsabta. Layin na nan a shafin farko, inda ya saba zama. Ya gan shi. Ya tsaya, hatimi a sama, ya karkata kai kamar yadda ya yi shekaru yana yi. Janareta na aiki a waje. Wani na tallan ruwa. Ya ƙara jira, don kada a ce bai jira ba. Sannan ya bi lissafin, ya same shi daidai har ɗigon ƙarshe, ya buga, ya sa hannu, ya tura gefe.

"Baba."

Ba ta murmushi yanzu.

"Ba ka tambayi abin da ke ƙasan gangaren ba."

"Lissafin daidai ne."

"Na sani."

"Ke kika koya mini, ranki ya daɗe."

Ba ta ce ya bari ba. Ta taso ta tsaya a gaban teburinsa, tana juya biro a hannu.

"Ka san duk shekarun da nake buga hatimi a zanenka ban taɓa fargaba ba? Ina bin lissafin ne don a ga na bi. Abin da nake dogaro da shi, na san in ya iso teburina ka riga ka zagaya baya." Ta dube shi. "Yana zuwa har yanzu?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Yini ɗaya na roƙe shi," ya ce. "Da alama mutum ne mai zuciya."

Ya so ta yi dariya. Ba ta yi ba, shi ma da ya ji maganar a waje bai ga abin dariya a cikinta ba. Ya san zai iya sa takalmi ya tafi gangaren yanzu, ba wanda ya hana shi. Ya nemi abin da ke tashin sa a da, ya lalubi wurin kamar mai lalubar haƙorin da aka cire. Lafiya ƙalau ya samu. Katangar layi ce a takarda, ƙasar bayanta lamba ce, gabanta fari fat.

Ta miƙa hannu ta ɗauki zanen, da sabon tambarinsa da bai gama bushewa ba, ta koma teburinta ta shimfiɗa, ta danne gefunan da kofi da rula. Ya gan ta tana karanta shafin farko. Ta daɗe a wurin. Sai ya ga kanta ya ɗan karkata, biro ya tsaya a hannunta.

"Baba," ta ce, ba ta ɗago ba, muryarta ƙasa-ƙasa. "Akwai mai ɗinki a ginin nan?"

Ya saurara, tsakaninsa da Allah ya saurara, da duk kunnuwan da likita ya wanke masa.

"Babu, 'yar nan," ya ce.

Ta ja jakarta daga ƙarƙashin tebur, ta fara neman takalmin wurin gini. Shi kuma ya jawo zane na biyar.